Hoton da Ya Ƙi Tsayawa

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar nan taka? Ina fata ka daina yi wa likita gardama, kana shan maganinka. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya sa mu gaba, kullum shanya a cikin ɗaki.

Na san za ka ce Auta ba ta rubuto takarda sai da dalili, kuma ba ka yi ƙarya ba. Kai ka hana a turo maka dogon saƙo a waya, wai yana sa maka jiri, to ga takarda, sai ka nemo tabarau.

Abokinka, maigidan nan nawa, zai cika shekara ashirin da biyar a kamfanin wuta ƙarshen watan gobe. Shekara ashirin da biyar yana hawa turke yana saukowa, Allah bai taɓa nuna mana mugun abu ba. Abokan aikinsa za su yi masa ɗan taro a ofis, kuma shugaban sashensu ya aiko cewa in iyali suna da wani bidiyo a haɗa musu na minti goma su nuna. Da na ji haka dariya ta kama ni, don ka san gidan da ya aiko. Mutumin nan tun da ya sayi kyamara shekara goma sha biyu da suka wuce bai bar mu mun ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Ranar da 'yarmu Ummi ta fara zuwa sakandare, ranar da ƙaninta ya faɗa kwata da sabon takalmi, ni a kan keke ina ɗinki baki cike da allura, zuwan Inna na ƙarshe, duk suna nan. Shi kaɗai ne ba ya ciki, sai muryarsa yana ba mu umarni mu matsa dama.

Ummi ta kwashe su duka ta zuba a wani ɗan akwatin ajiya kafin ta koma makaranta, ta nuna mini yadda ake yankawa da haɗawa. Wallahi ba wani abu ba ne, ɗinki ne kawai babu zare. Matsalar ita ce tsohuwar kwamfutar da ta bar mini. Da na buɗe bidiyo sai ta ɗau zafi, fankarta ta hau kuka, hoton ya riƙa tsalle yana rawa, murya na yankewa. Jiya na kalli Inna tana shan shayi, sai ka ce a bayan mota take a kan hanya mai rami. Na kashe, don ban iya kallonta haka ba.

Saboda haka ka faɗa mini irin laftof ɗin da zan nema. Ka rubuta da Hausar mutane, ban da wannan yaren naku na ofis.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne abokinka ne ya fi ni matsuwa. Mutumin da ya yi shekara bakwai da waya mai fasasshen gilashi, yau shi ke cewa kar in kuskura in sayi ƙarama, in nemi mai ƙarfin gaske. Sau uku ya maimaita a wajen karin kumallo. Na ce masa ko fim zai shiga ne bayan ritaya, bai yi dariya ba. Kwanan nan dariyarsa ta yi tsada, na ɗauka gajiya ce, don iska ta kayar da wayoyi da yawa, tun safe suke fita sai magariba.

Ka gaishe da Anti, ka ce mata rigarta ta kusa, hannu ɗaya ya rage.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Asabar

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso ta hannun direba shekaranjiya, na gode ƙwarai. Na ji daɗi da ka ce kumburin ya sauka. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na bi abin da ka rubuta tiryan-tiryan. Ka ce kar in kalli kyan jiki, in tambayi girman ƙwaƙwalwarta, da ƙarfin injin, da wurin ajiya, kuma kar in yarda da bakin mai shago, in tafi da bidiyona a gwada a gabana. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini, don ni ma ba na sayen yadi sai na murza shi.

Shagon yana hawa na biyu a layin masu gyaran waya, matattakalar duk danshi. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Injiniya yake ce masa. Da na karanto masa takardarka ya ce duk wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi. Na faɗa maka ne don kanka ya ƙara girma.

Ya jera mini guda uku a kan kanta. Ta farko siririya ce, fara, marar nauyi, da don ni ce da ita zan ɗauka. Muka saka bidiyon, ba ta yi minti biyu ba ta fara tsalle irin na tsohuwar. Ta biyu ta fi ta, sai an ɗora bidiyo biyu a kan juna take numfarfashi. Ta uku baƙa ce, mai kauri, nauyinta kamar kan keken ɗinki. Ita ko gezau. Murya na tafiya sumul, babu yankewa, in ya ja bidiyon gaba ko baya nan take take bi.

Sai dai hoton bai daina rawa ba.

Ba duka ba. Na ranar makarantar Ummi tsaf yake, kamar an kafa kyamarar a kan tebur. Amma na zuwan Inna yana nan yana karkarwa, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa. Na ce wa Injiniya ashe ita ma babbar ba ta iya ba, ya kawo wadda ta fi ta. Ya mayar da bidiyon baya, ya sake kallo, ya sake. Sannan ya yi mini bayani a hankali cewa tsalle daban, rawa daban. In kwamfuta ce ta gaza, hoto tsayawa yake ya yi tsalle, murya ta yanke tare da shi. In kuwa murya na tafiya lafiya hoto na rawa, to haka aka ɗauke shi. Ya ce ko wace kwamfuta na saya a duniya abin da aka ba ta za ta nuna.

Na ce to ai da sauƙi, ƙila ranar yana sauri ne, ko yara sun ture shi. Ya ce haka ne, yana yiwuwa. Amma ya faɗe ta yana kallon kanta, ya hau goge ƙurar da babu ita.

Na ɗauki baƙar. Da na kawo ta gida abokinka ko takalmi bai cire ba ya zo ya tsaya a kaina, abin da ya fara tambaya shi ne ko tana da abin nan da ke tsayar da hoto. Ni ban ma san da wani abu haka ba. Na tambaye shi ina ya ji, ya ce a wajen aiki ake hira. Ya tsaya a bayana hannunsa na dama a aljihu har na rufe ta.

Ban san me ya sa ba, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ƙila rashin sabo ne da zama gaban allo.

A gaida kowa da kowa.

Taka,
Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a shago nake yi, a kan teburin yanka. Wannan ba maganar waya ba ce, kuma ka karanta kai kaɗai.

Ka tuna ka ce kafin in fara yanka in jera bidiyoyin bisa kwanan wata, don kar in rikice? Na jera. Da ma ban jera ba, ko kuma alhamdu lillahi da na jera, ban san wanne zan ce ba.

Shekara takwas na farko hoton tsaye yake cak. Ka san yadda yake alfahari da hannunsa, har cewa yake a ɗora masa kofi cike a bayan hannu ya zagaya gida. A shekara ta tara akwai ɗan motsi, in ba ka nema ba ba za ka gani ba. Ta goma ya fito fili. Na zuwan Inna, shekara biyu ke nan, shi ne wanda na gaya maka. Na bara kuwa, ranar da muka raka Ummi tasha, sai da na dafe tebur don kaina ya fara juyawa. Kuma daga nan bidiyoyin suka gajarce. Wanda da yake ɗaukar rabin awa muna roƙonsa ya kashe, ya koma minti ɗaya, rabin minti. Na bana guda biyu ne kacal, kuma duka biyun a kan taga ya jingina kyamarar.

Da ɗai-ɗai muke kallonsu, wata ranar hutu a talabijin, ana surutu ana cin abinci, wa zai lura? Sai da suka jeru a layi ɗaya.

Na koma wurin Injiniya ya nuna mini maɓallin nan na tsayar da hoto. Yana cikin nunawa sai ya ce ai ya riga ya nuna wa maigidan. Na ce wane maigidan? Nan ya gane ya yi suɓul da baka, ya so ya janye, na ƙi sakinsa. Ashe mako uku kafin in rubuto maka takardar farko abokinka ya je shagon shi kaɗai, da kayan aiki a jikinsa. Ya kai wani ɗan bidiyo a waya, ya tambaya ko akwai kwamfutar da za ta iya cire rawar yadda ba wanda zai gane. Injiniya ya nuna masa baƙar nan. Abokinka ya ce masa matarsa za ta zo, tela ce, za ta so farar, a lallaɓa ta ta ɗauki baƙar. Kuma ni da ƙafata na je shagon ina ganin zaɓina ne, alhali shi ya ce mini ya ji ana yabon wurin.

Na sauko matattakalar nan. Kafin in kai shago duk abubuwan suka riƙa dawo mini. Yau shekara ashirin shi ke zura mini zare a allura in idona ya gaji, bara ya sayo mini tabarau ya ce lokaci ya yi da zan tsaya da ƙafata, har na ji haushi. Ya ce in daina sa masa maɓalli a riguna, wai yanzu ba a yayi, ni kuma na yi ta tsokanarsa da ɗan gaye. Ya bar aske gemunsa da kansa. Ya ajiye ƙaramin kofinsa ya koma babban moɗa, ya zuba shayi rabi. In yana motsa sukari cokalin na ta ƙwanƙwasa jikin moɗar, sau nawa na ce masa ya daina kiɗa da sassafe. Ni da ke gane ɗinkin da ya karkace daga ƙofar shago, ina kwana ina tashi da mutum ban gani ba.

Yaya, tsoro nake ji. Da malamin makaranta ne ko mai shago da na ce mu je asibiti a hankali. Amma ka san aikinsa. Yana can sama, bel ɗaya ne ya riƙe shi, filaya a hannu, tsakanin wayar da zai taɓa da wadda ba zai taɓa ba bai fi faɗin tafin hannu ba. Shi ya sha faɗa mini haka da bakinsa lokacin muna amare, yana jin daɗin yadda nake toshe kunne. Yanzu duk safiya ina kallonsa yana sauke bel ɗin daga ƙusar bayan ƙofa, in ce Allah Ya tsare. In wuta ta ɗauke a shago sai in kasa ci gaba da ɗinki ko da ta dawo.

Kai ka san shi tun kafin ni. Ka faɗa mini ta inda zan ɓullo masa.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Talata

Yayana,

Assalamu alaikum. Na samu amsarka, na gode. Ina fata jikin da sauƙi. Na karanta inda ka ce in yi haƙuri har ka samu damar zuwa bayan taron, ku zauna ku biyu. Na san don kare zamana ka faɗa, amma ka ji abin da ya faru.

Ban iya jira ba. Ranar Lahadi da la'asar, gidan ba kowa, na ɗora kwamfutar a teburin cin abinci, na kunna masa su a jere, daga na farko har na ƙarshe. Ya kalla har ƙarshe, hannunsa a ƙarƙashin tebur. Da ya ƙare bai musa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da a ce ya yi faɗa. Ya ce shekara uku ke nan ya sani. Ya ce a ƙasa ne kawai yake yi masa, in ya hau sama hankalinsa ya tattaru hannun kan nutsu. Ya ce saura shekara uku ya ajiye aiki da mutuncinsa, in aka sani yanzu za a zaunar da shi a sito yana miƙa wa yaran da ya koya wa aiki safar hannu, shi kuma gara masa komai da wannan. Na yi masa maganar asibiti, ya ce likitan kamfani da ofis bakinsu ɗaya. Daga ƙarshe ya roƙe ni. Tun da muka yi aure bai taɓa roƙona wani abu ba, ko ruwa sai dai ya ce a kawo. Ya ce in danna maɓallin nan, in haɗa musu minti gomansu, in rufa masa asiri.

Na danna, Yaya. Kwamfutar ta yi aikinta, ba ta ko yi zafi ba. Hoton ya tsaya kyam, sai ka rantse hannun da ne. Amma ba kyauta take yi ba. Kafin ta daidaita hoto sai ta ci gefensa, yadda in riga ta karkace sai ka rage baki kafin ta miƙe. In rawar kaɗan ce kaɗan take ci. A na zuwan Inna, tana zaune a gefe kusa da taga, da aka gama gyarawa rabin fuskarta ya tafi. Sai kunne ɗaya da hannunta riƙe da kofi. Na zauna ina kallon hannun nan na Inna na rasa abin da ke mini daɗi.

Jiya kuma ya dawo da wuri, wai ruwa ya hana aiki. Da na ɗauki kayansa zan wanke, na tarar safar hannunsa ta dama ta ƙone a kan yatsa biyu, robar ta narke ta ƙanƙance, tana wari. Ya cusa ta can ƙasan jaka a cikin leda. Na kai masa, ya ce tsohuwa ce, ta wani ce. Ni na ɗinka masa alama a bakin safar nan da jan zare wata biyu da suka wuce, don kar ta ɓace masa. Zaren na nan.

Da safen nan ya sauke bel ya fita kamar kullum. An ce akwai babban aiki ranar Juma'a, za su sauya wayoyi a bakin kasuwa, shi zai jagoranta, kuma shi ba ya tura yaro sama ya tsaya a ƙasa. Taron kuma Asabar. Yanzu ina da bidiyo biyu a cikin baƙar kwamfutar nan, wanda ya tsaya da wanda bai tsaya ba, na sa musu suna ɗaya da biyu.

Na san abin da zai biyo baya in na yi abin da zuciyata ke raya mini. Zai ce na tona shi, kuma gaskiya ne. Ƙila ba zai sake kallona da idon da ba. Ina son mutumin nan, Yaya, ban taɓa faɗa maka haka ba don kunya, yau na faɗa. Takardar nan ba za ta isa gare ka ba sai Alhamis, amsarka ba za ta same ni kafin Juma'a ba, kuma kar ka kira, wayata a hannunsa take yini in yana gida. Addu'arka kawai nake so.

Auta

Ranar Juma'a, kusan mako guda bayan taron

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Anti da yara. Na ga kiranka har sau biyar, ka yafe mini, ba ni da bakin magana ne. Mu ma muna nan da rai da lafiya, dukanmu. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Ranar Alhamis, bayan ya fita, na rufe shago na saka kwamfutar a jakar da nake kai ɗinki, na tafi ofishinsu. Nauyinta sai da ya sa kafaɗata ta yi tsami. Na zauna a benci a baranda kusan awa guda, ina ganin tsani da naɗin waya jingine a bango, sau biyu na miƙe zan koma gida. Da shugabansu ya fito ya ɗauka bidiyon taro na kawo, har yana tsokanata wai na riga lokaci. Na ce a rufe ƙofa. Na kunna masa na biyun, na ajiye safar a kan teburinsa.

Bai kai ƙarshe ba ya sa hannu ya rufe kwamfutar. Ya daɗe yana juya safar nan. Sannan ya ce tare aka ɗauke su aiki, kuma wata shida ke nan yana lura abokinka ya daina sa hannu a takarda a gabansa, sai ya ce zai kawo anjima. Ya ce ya so ya tambaya, nauyi ya hana shi. Ka ga ashe ba ni kaɗai ba ce makauniyar. Na roƙe shi abu ɗaya, kar a kunyata shi gaban yara. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Ranar Juma'a ya ce yana bukatarsa a ofis su tsara aikin wata mai zuwa, wani ya jagoranci na kasuwa. Da yamma ya kira shi shi kaɗai ya faɗa masa ba zai sake hawa ba sai likita ya duba shi. Bai ambaci sunana ba, amma safar na kan tebur, da jan zarena a bakinta.

An yi taron. Na ba su na ɗayan, wanda ya tsaya, don wannan kam haƙƙinsa ne. Na cire na Inna gaba ɗaya, ban yarda a nuna ta da rabin fuska ba, cikakken yana nan na ajiye maka. Mutane sun yi dariya inda ya kamata, sun tafa, wani ma ya ce hannun nan ko mai ɗaukar labarai albarka. Ina zaune kusa da shi lokacin da aka faɗi haka. Bai juyo ba.

Yau kwana takwas bai yi mini magana ba, in ban da amsa sallama. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Yana cin abin da na dafa, ya kai kwanonsa da kansa. Ya je asibitin ranar Talata shi kaɗai, bai ce in raka shi ba, a aljihun rigarsa na ga katin, an ce ya koma bayan mako biyu. Ban san me za su ce ba. Ban san ko zai yafe mini ba, kuma in ka zo kar ka roƙe shi a kaina, ka dai zo ka zauna da shi, yana bukatar wanda zai yi wa magana. Kyamarar ya saka ta a kwalinta ya ɗora a saman kabad. Kwamfutar kuma tana shago a ƙarƙashin teburin yanka, na lulluɓe ta da ƙyalle, ban sake buɗe ta ba.

Bel ɗin na nan a ƙusar bayan ƙofa. Duk safiya in na zo shara sai na kalle shi.

Ina rubuta maka wannan a kicin, shi yana falo yana haɗa shayinsa. Daga nan ina jin cokalin na ƙwanƙwasa jikin moɗar, ƙararrawar nan da na yi shekara biyu ina ce masa ya daina. Yana jin haushina, ƙila har ƙarshen rayuwarmu. Amma ina jin ƙarar cokalin, Yaya, kuma na san irin shirun da ya kusa maye gurbinta.

Ka gaishe da Anti. Rigarta na cikin ledar da na haɗo da takardar nan, na gama hannun.

Ƙanwarka,
Auta